Ka Haɗa Jirgi a Tsakar Gida, To Wa Zai Bar Ka Ka Tashi?

Duk bayan 'yan watanni sai ka ga bidiyo yana yawo a WhatsApp: wani matashi ya haɗa jirgin sama da tarkacen mota da injin babur, jama'a sun kewaye shi ana ta "gwamnati ta taimaka masa". A 2007 ma jaridun duniya sun ɗauki labarin wani ɗalibin Jami'ar Bayero da ya haɗa helikwafta da injin Honda Civic. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne, idan jirgin ya tashi da gaske, da wace takarda zai tashi? Mu da ke karatun injiniya ya kamata mu san amsar.

Da farko dai takardu iri biyu ne, kada a cakuɗa su. Jirgi yana da nasa, wato rajista da shaidar cewa lafiyarsa ta isa ya tashi. Matuƙi kuma yana da nasa lasisin. Bisa yarjejeniyar Chicago ta 1944, kowace ƙasa ke yi wa jiragenta rajista, shi ya sa namu suke ɗauke da 5N, na Nijar 5U, na Amurka N. A nan gida hukumar NCAA ce mai wannan aiki. Amma da tsarin Amurka zan yi misali, domin can ne haɗa jirgi a gareji ya zama ruwan dare, har hukumarsu ta FAA ta tsara masa rukuni-rukuni.

Rukuni mafi ƙanƙanta shi ne na 'yan mitsi-mitsin jirage da Sashe na 103 na dokarsu ya yi magana a kai. Kujera ɗaya tak. Nauyin jirgin ba mai ba mutum kada ya kai kilo 115, tankinsa kada ya wuce lita 19, gudunsa kada ya haura kimanin kilomita 102 a awa. Idan ka tsaya cikin wannan iyaka, ba rajista, ba lasisi, ba gwajin likita. Sai dai da rana za ka tashi, kuma ba ta kan cunkoson gidaje ba. Ga alama tunaninsu shi ne, in ka faɗo kai kaɗai abin zai shafa. Ni dai ban ga hikimar hawa sama ba tare da malami ba, ko da doka ta yi shiru.

Rukunin da ya fi shafar mu shi ne na jirgin gwaji haɗin hannun mai sha'awa. A nan ne ake da sanannen sharaɗin nan na kashi 51: dole mafi yawan aikin ƙirar da haɗawar ya kasance masu sha'awa ne suka yi shi don ilimi ko nishaɗi, ba kamfani ba. An yarda ka sayi sassan jirgin a akwati ka haɗa, muddin aikin da ya rage maka ya fi rabi. To yaya za a gane kai ka yi? Da littafin aiki. Ranar kaza na haɗa fiffiken dama, ga hoto, ga awon da na yi. Wato dai irin logbuk ɗin SIWES da wasunmu ke cikewa a dare ɗaya ana gobe za a karɓa. A can, in babu hujjar aiki, mai duba jirgi ba zai sa hannu ba.

Ko ya sa hannu, da sauran aiki. Bisa al'ada sai jirgin ya yi awa 40 na gwaji a wani yanki da aka keɓe masa nesa da jama'a, ko awa 25 idan injin da farfelar masu shaidar hukuma ne, kuma ba ɗaukar fasinja a lokacin. Haka kuma dole a rubuta kalmar EXPERIMENTAL ɓaro-ɓaro kusa da ƙofa, a liƙa sanarwa a ciki mai gaya wa fasinja cewa wannan jirgi bai bi ƙa'idojin jiragen kamfani ba. Haya kuwa haramun ce a dokar, ba za ka yi kabu-kabu da shi ba. Ladan wahalarka shi ne kana iya samun takardar da za ta ba ka damar yi wa jirgin binciken shekara-shekara da kanka, tunda kai ka san kowane noti da ke jikinsa.

Sai matuƙi. Haɗa jirgi ba ya ba ka izinin tuƙa shi, kamar yadda bakanike ba ya zama direba don ya iya sauke inji. Lasisin matuƙi mai zaman kansa yana buƙatar shekara 17, aƙalla awa 40 a sama, jarrabawa da gwajin likita. A 2004 Amurka ta ƙirƙiro wani mai sauƙi, na masu tashi don wasa: awa 20, fasinja ɗaya, kuma lasisin mota yana iya tsayawa a madadin takardar likita. Da can wannan lasisi ya taƙaita ga jirgi mai kujera biyu da bai wuce kilo 600 ba. A 2025 suka fito da sabuwar doka mai suna MOSAIC, suka cire iyakar nauyi, suka koma duba mafi ƙarancin gudun da jirgi zai iya yi bai rasa ɗagawar fiffike ba. Wannan ya burge ni, domin lissafin injiniya ne: jirgin da ke iya sauka a hankali ya fi yafe wa sabon matuƙi kuskure. Ka ga ke nan jirgi ɗaya, rajistarsa ta dogara ga wanda ya haɗa shi, lasisin tuƙa shi kuma ya dogara ga yadda yake tashi.

Kada wani ya ce duk wannan harkar Turawa ce. Jirgin Air Beetle da sojojin samanmu suka yi koyon tuƙi da shi, asalinsa RV-6A ne na kamfanin Van's, wanda ake sayar wa masu haɗawa a gareji. Guda 60 aka haɗa a Kaduna. Kwalejin koyon tuƙin jirgi kuma tana nan Zariya tun 1964.

Saboda haka duk wanda ke tunanin ɗaukar wani abu mai tashi a matsayin aikinsa na shekarar ƙarshe, ya fara da sikeli da littafi kafin walda. Ya auna kowane sashe, ya rubuta irin ƙarfen da inda ya samo shi, ya lissafa cibiyar nauyi a takarda. Kuma alkaluman da na kawo na Amurka ne, ba su ne hukunci a sararin Najeriya ba. Kafin tayar ta bar ƙasa, a tuntuɓi NCAA a rubuce, ta hannun shugaban sashe.