Da Keke Zuwa Gindin Tsamiyar Garkida

Karatu: Joshuwa 4:1-7

Sa'ad da Isra'ilawa suka haye Urdun, Ubangiji ya umarta a ɗauko duwatsu goma sha biyu daga tsakiyar kogin, domin ran da 'ya'ya suka tambayi ma'anarsu, iyaye su sami abin faɗi. Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya ma tana da nata wuraren tunawa.

Matashin da ya hau keke daga Mubi zai fara isa Kwarhi, hedkwatar ekklesiya. A watan Oktoba 2014 'yan Boko Haram suka mamaye wurin, ma'aikata suka watse, daga baya aka komo. Daga nan hanya ta ratsa duwatsun Hong zuwa Gombi, ta karkata arewa har Garkida. Can a gindin tsamiya Stover Kulp da Albert Helser suka yi sujada ta fari, ran 17 ga Maris, 1923.

Mai mota yakan wuce ƙauyukan hanyar a guje. Mai keke kuwa ƙishirwa takan sauke shi, ya roƙi ruwa, har dattawa su ba shi labarin wanda ya fara kawo musu bishara.

Tambaya: Wa ya kai bishara garin kakannin iyali? Yaran gida sun san sunansa?