Guzurin Kwikwiyo

'Ya'yana, ku da kuka rungumi kiwon karnuka a Madakiya da kewayen Kafanchan, kare ba baƙo ba ne a ƙasarmu. Da shi kakanninmu suke shiga daji, har yau kuma bikin Afan da maƙwabtanmu na Kagoro ke yi ranar 1 ga Janairu yana tuna mana da lokacin fita farauta. Abin da ya sauya shi ne kuɗi. Da can in karya ta haihu, maƙwabci ake ce wa ya zo ya zaɓa. Yanzu kuwa hoto ake sakawa a Facebook, a ce Boerboel ne ko Rottweiler, mutum ya ƙirga kuɗi masu kauri ya miƙa. Wanda ya karɓi kuɗi, akwai haƙƙin da ya hau kansa, kuma ba ya sauka don an sa kwikwiyo a kwali an ɗaura a bayan babur.

Kada ku raba shi da uwarsa kafin ya cika sati 8. Na san abinci na cin kuɗi, mai saye kuma yana azalzala, amma a waɗannan makonni ne uwa da 'yan uwansa ke koya masa iyakar wasa da cizo. Wanda aka ɗauke tun yana sati 4 yakan tashi matsoraci, kare matsoraci kuwa ya fi saurin kai cizo.

Babban guzurinsa shi ne katin rigakafi, kuma a nan nake so mu ɗan zauna. A rubuta ranar haihuwa, da ranakun da aka ba shi maganin tsutsar ciki, wanda ake farawa tun yana sati 2, da allurar farko da ake yi tsakanin sati 6 zuwa 8. Likitan dabbobi ne zai sa hannu, a manna tambarin kwalbar allurar a jiki. Kun san cutar nan ta amai da gudawar jini da kuke kira fabo. Ƙwayarta na iya yin watanni a ƙasar tsakar gida tana raye, kuma allura ɗaya ba ta isa ba, sai an maimaita har ya kai wajen sati 16. In ba ku faɗa ba, mai saye zai ɗauka an gama, ya sake shi yana yawo a unguwa. Ku kuma lura da inda allurar ta kwana. Dole ta zauna cikin sanyi, ga shi kun san halin wutarmu. Wadda ta wuni a aljihun mai talla cikin rana, sunanta kawai allura.

Kati na bogi kuwa, ina roƙonku, ko da wasa. Dalilina shi ne cutar haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, kusan duka ta cizon kare, kuma wajen kashi 40 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamu sun bayyana, da wuya a tsira. Allurarta sai kwikwiyo ya kai wata 3 ake yi, ke nan yawancin waɗanda kuke sayarwa za su bar hannunku ba a yi musu ba. Ku faɗa da baki, ku rubuta ranar da ta kamata a katin. Ba mu da uzuri, tunda Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, wadda ke can tun 1924, tana haɗa wannan allura, kuma Vom ba nisa.

Ku nuna uwar, in da hali har da uban. In jinin gauraye ne, ku ce gauraye ne. Karen gida ma yana da masu so, kuma ya fi jure kaska da zafinmu. Mai ɗaki ɗaya a gidan haya da yara ƙanana in ya zo neman Boerboel, ku gaya masa girman da zai yi da tulin abincin da zai ci. Wanda ke son mai gadin rumbun citta, buƙatarsa daban.

Sai ƙananan abubuwa. A ƙulla masa abincin da ya saba na 'yan kwanaki, don sauyi farat ɗaya na ɓata ciki. A haɗa da tsumman da uwar ta kwanta a kai, kukan dare zai ragu. A gargaɗi mai saye kan miya mai albasa da dafaffen ƙashin kaza, da masu wanke kare da maganin feshin gona wai don kaska.

Lambar wayarku kuma ta zama mai shiga bayan ciniki. Ku yi yarjejeniya a gaban shaida: in likita ya gano cutar da kwikwiyon ya zo da ita daga gidanku, me za a yi? In riƙo ya gagara, a dawo muku da shi maimakon a yasar a titi. Kafin mutum ya hau babur, ku ƙara masa da wannan: duk wanda kare ya ciza ko ya yakusa, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, sannan a wuce asibiti a ranar, ko da karen na gida ne.