Zakkar Hatsi da Kuɗin Albasa: Darasi ga 'Yan'uwa Manoman Tsarnawa da Kewaye

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Shugaban halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, Imamu Muslim ya ruwaito daga Sayyidina Umar (RA) cewa Mala'ika Jibrilu ya zo majalisin Annabi (SAW) cikin siffar mutum, ya tambaye shi game da Musulunci, da Imani, da Ihsani. A amsar da aka ba shi, Musulunci ya tsaya kan shahada, salla, zakka, azumin Ramadan da hajji ga mai iko. Imani kuwa gaskatawa ne da Allah, da mala'ikunSa, da littattafanSa, da manzanninSa, da ranar lahira, da ƙaddara mai daɗi da mai ɗaci. Ihsani shi ne bawa ya bauta wa Ubangijinsa da zuciyar wanda yake ganinSa, ko aƙalla ta wanda ya tabbata ana ganinsa. Mutanen ɗariƙa sun fi son a zauna ana zancen na ukun nan, kuma suna da gaskiya, domin shi ne abin da aka shiga hanya dominsa. Sai dai ba a ɗora jinka a kan ɗakin da ba a tayar da bangonsa ba.

A cikin rukunan nan biyar, zakka ce ta fi saurin ɓacewa ba tare da kowa ya lura ba. Wanda ya bar jam'i maƙwabcinsa zai gani, wanda ya sha azumi iyalinsa za su sani. Amma abin da ya shiga rumbu, daga mai rumbun sai Allah. An farlanta ta a shekara ta 2 bayan Hijira, kuma bayan wafatin Annabi (SAW) Sayyidina Abubakar (RA) ya yaƙi ƙabilun da suka ce za su yi salla amma ba za su ba da ita ba.

Shehu Ahmadu Tijjani (RTA), wanda ya rasu a Fas a 1230 Hijira, daidai da 1815, ya umurci almajiransa su riƙa auna duk abin da suka ji an jingina masa da ma'aunin shari'a, su karɓi wanda ya dace, su bar wanda ya saɓa. Kiyaye farillai yana cikin sharuɗɗan da muƙaddami yake karanta wa mai karɓar wuridi. Saboda haka lazimi da wazifa da zikirin Juma'a, duk da girman falalarsu, ba su biyan bashin rukuni. Murid da ya cika carbi ya bar haƙƙin talaka a cikin rumbunsa yana tafiya ne da kayan wani a kansa.

Ƙasar Tsarnawa, inda hanyar Tawa ta rabu da babbar hanyar da ta taso daga Ƙonni zuwa Malbaza da Galmi, ƙasa ce mai noma iri biyu. Akwai na damina a kan tudu, gero da dawa da wake. Akwai na rani a fadamun Maggiya da gonakin ban-ruwa na Ƙonni, inda albasa take sarauta. Hukuncinsu a mazhabar Imamu Malik ba ɗaya ba ne, kuma a nan ne ake yawan ruɗewa.

Nisabin hatsi, kamar yadda ɗalibai suke karantawa a Risala ta Ibnu Abi Zaid Alƙairawani, wusƙi 5 ne. Kowane wusƙi sa'i 60 ne, kowane sa'i mudun Annabi 4. Jimilla sa'i 300, ko mudu 1,200. Malaman zamani da yawa sun ƙiyasta shi da kilo kusan 650, ko da yake nauyi yana ɗan bambanta daga wannan ƙwaya zuwa waccan, tunda asalin abin awo ne. A lissafin kasuwa, wajen buhu shida da rabi ke nan na buhu mai kilo 100. Ana auna ƙwaya ce bayan sussuka da shiƙa. Manomin da yake ajiye geronsa a dami, kamar yadda aka saba, sai ya sussuke dami matsakaici guda, ya ga tiya nawa ya bayar, ya lissafa sauran a kansa, domin damin wani gari ba ya kai na wani. In ya tabbata ya kai nisabi, fitar da dami ɗaya cikin goma ya wadatar, muddin bai riƙa zaɓen ƙanana yana ware wa talakawa ba.

Ga mas'alar da ta fi shafar manoman tudu. Gero jinsi ne mai zaman kansa, dawa ma haka, shinkafa ma haka, ba a haɗa ɗaya da ɗaya don a cika nisabi. Alkama da sha'ir ana haɗa su, dangin wake ma ana haɗa su da juna. Wanda ya samu gero buhu 10, dawa buhu 4, wake buhu 3, zakka ta hau kansa a gero kaɗai, buhu guda. Wanda kuma ya samu gero buhu 5 da dawa buhu 5 babu farilla a kansa, ko da yake rumbunsa yana ɗauke da buhu 10. Wannan sauƙi ne daga shari'a, kuma ba laifi ya karɓe shi. Ƙofar sadaka dai ba a rufe ta ba.

Abin da ake fitarwa ya danganta da ruwan da shuka ta sha. Wadda ta sha ruwan sama ko ruwa mai gudana da kansa, ɗaya cikin goma. Wadda aka shayar da wahala, da guga ko da injin ban-ruwa mai shan mai, ɗaya cikin ashirin. Masu noman alkama da dawa a gonakin Ƙonni, waɗanda ruwansu yake gangarowa ta magudana daga madatsun Mozage da Zongo, su lura da kyau: Shehu Halil ya bayyana a Muhtasar cewa ruwa mai gudana hukuncinsa ɗaya cikin goma ne ko da an saye shi ko an kashe kuɗi wajen jawo shi. Ke nan biyan kuɗin ruwa ba ya mayar da mutum cikin masu ɗaya cikin ashirin. Buhu 10 na alkama a irin wannan gona buhu guda ne zakkarsa, a gonar mai inji kuwa rabin buhu.

Hatsi ba ya jiran shekara. Da zarar ƙwaya ta nuna haƙƙi ya rataya, ana kuma fitarwa bayan an gyara ta. Suratul An'am, aya ta 141, ta ɗaure wannan haƙƙi da ranar girbi. Abin da mai gona ya biya masu girbi da shi daga cikin hatsin, da wanda ya yi kyauta da shi tun a gona, duk ana sa su cikin lissafi. Ba a cire kuɗin taki ko na 'yan barema kafin a auna. Bashi ma ba ya kayar da zakkar hatsi a wajen Malikiyya, ko da an ci shi tun farkon damina a kan amfanin da bai fito ba. Wannan hukunci yana yi wa mutane nauyi, kuma ba abin ɓoyewa ba ne cewa yana da nauyi. Wanda ya karɓi hayar gona shi ne mai fitarwa, mai ƙasa ba ruwansa.

Sai albasa. Galmi ta yi suna da ita har irin da ake shukawa ya ɗauki sunan garin, kuma daga Tsarnawa manyan motoci suke lodinta zuwa Akara da Kumasi da Abijan. A wajen Imamu Malik babu zakka a jikin kayan lambu, albasa ce ko tumatir ko kabeji, komai yawansu. Kayan gona iri ashirin ne malaman mazhaba suka ƙidaya, albasa ba ta ciki. Imamu Abu Hanifa ya tafi a kan cewa duk abin da aka noma don amfanin ƙasa akwai zakka a cikinsa, kuma Alƙali Abubakar Ibnul Arabi, babban malamin Malikiyya na Andalus da ya rasu a 543 Hijira, ya ƙarfafa wannan ra'ayi a littafinsa Ahkamul Ƙur'an. Fatawar da ake bi a wannan ƙasa ita ce ta Malik. Amma yana da kyau mai albasa ya san da wancan zance, domin abin kunya ne talakan da ya noma gero buhu bakwai ya fitar da nasa, mai lodin mota guda kuma ya wuce yana cewa littafi ya yafe masa.

Littafin ma bai yafe masa duka ba. Abin da aka ɗauke wa albasa ba a ɗauke wa kuɗinta ba. Ranar da manomi ya karɓi kuɗin albasarsa, ranar ce shekara ta fara ƙirguwa a kansu. In suka kai nisabi, wato ƙimar dinari 20, kusan giram 85 na zinariya, ko dirhami 200, kusan giram 595 na azurfa, kuma watanni 12 na Musulunci suka zagayo suna hannunsa, zai fitar da ɗaya cikin arba'in. A kowace miliyan ɗaya ta sefa, 25,000 ke nan. In ya ci su, ko ya yi gini, ko ya aurar da 'ya kafin shekara, babu komai a kansa. A nan, saɓanin hatsi, bashi yana rage abin da za a lissafa idan ba shi da wata kadara da za ta tsaya a madadinsa.

Ɗan kasuwa hukuncinsa daban. Wanda yake sayen albasa da arha lokacin cira, ya zuba a rudu yana jiran ta yi tsada, malamai suna kiransa muhtakir: yana fitarwa ne ranar da ya sayar, idan shekara ta riga ta cika a kan jarinsa. Wanda kuma kullum yana saye yana sayarwa, mudir, sai ya tsayar da wata guda a shekara, ya ƙimanta hajarsa, ya haɗa da kuɗin hannu da basukan da yake sa ran za a biya shi, ya fitar.

Wa ake ba? Suratut Tauba, aya ta 60, ta iyakance su ga mutum takwas, na farkonsu faƙirai da miskinai. Mutum ba ya ba wanda ciyar da shi ya wajaba a kansa, kamar matarsa, da ƙananan 'ya'yansa, da iyayensa mabuƙata. Ɗan'uwa ko gwaggo ko maƙwabci mai buƙata kuwa sun fi na nesa cancanta. Ana raba ta a inda ta wajaba ko kusa da nan, ba a kai ta bayan nisan ƙasaru sai in na can sun fi buƙata. Duk wanda ya ga yunwar 2005 a jihar Tawa ya san ba sai an yi tafiya ba kafin a sami mabuƙaci, kuma ko a shekarar ƙoshi akwai gidajen da rumbunsu yake zama wayam tun kafin shuka ta yi kai.

A nan akwai maganar da ta shafi 'yan'uwa kai tsaye. Hadiyyar da murid yake kai wa shehinsa, da gudummawar maulidi, da kuɗin ginin zawiya, da guzurin ziyarar Kiyota ko Kaulaha, ayyukan alheri ne masu lada. Ba a lissafa su a matsayin zakka. Ba a gina masallaci ko zawiya da zakka. Malamin da ya sadaukar da lokacinsa ga karantarwa, in mabuƙaci ne, ya cancanta saboda buƙatarsa, kuma ba shi ya fi lada don ana taimakon ilimi da shi. Amma wanda ya kwashi zakkarsa ya kai gidan mawadaci don neman albarka ya bar bashinsa yana nan. Niyya ma sharaɗi ce: buhun da aka bayar kyauta a watan jiya ba ya komawa zakka yau don an tuna.

Imamul Gazali, wanda ya rasu a 505 Hijira, ya keɓe babi a Ihya'u kan asiran zakka. Ya nuna hikimomi uku a cikinta: jarraba mai iƙirarin son Allah da rabuwa da wani abin da yake so, da wanke zuciya daga rowa, da godiyar ni'ima. Daga nan ya kawo ladubbanta, kamar gaggautawa, da ɓoyewa, da zaɓen mai kyau, da ganin ƙanƙantar abin da aka bayar. Wanda ya fi wuya shi ne barin gori. A fahimtarsa, tushen gori shi ne mai bayarwa ya ɗauka shi ya yi wa talaka alheri, alhali talakan ne ya taimake shi da ya karɓi abin da zai tsarkake shi. Mai zakkar da yake jiran wanda ya ba ya durƙusa masa a kasuwa, ko ya zo masa gayya kyauta, ya karɓi ladansa tun a duniya. Suratul Baƙara, aya ta 264, ta yi kashedi cewa gori da cutarwa suna ɓata sadaka.

Wanda shekaru suka wuce masa bai fitar ba, saboda jahilci ko sakaci, tuba kaɗai ba ta sauke masa. Zai zauna da malami mai fiƙihu su ƙiyasta abin da ya girba a kowace shekarar da ya kai nisabi, gwargwadon abin da ya fi rinjaye a zatonsa, ya fara biya da abin da ya sawwaƙa har ya gama. In kuma yana jin tsoron ajali ya riske shi kafin nan, sai ya shaida wa adilai, ya yi wasiyya da adadin, domin a fitar kafin magada su raba. Wallahu a'alamu.