Kayan da ke taimakon tsofaffi su yi wa kansu hidima

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, darasinmu na wannan fitowa a kan iyayenmu da kakanninmu yake.

A ƙasar Matamaye da Kance, da zarar an gama girbi sai matasa su kama hanyar cin rani. Wasu su bi ta Ɗan Barto su nufi Daura da Kano. Wasu su yi arewa, Agadas ko Aljeriya ko Libiya. Tsofaffi ne ake bari da gida da jikoki da dabbobi. Ga ido ya rage gani, ga gwiwa ba ƙarfi. Tsohon da ya iya zuwa masallaci da bayan gida da ƙafarsa, mutuncinsa yana nan. Ranar da ya kwanta sai an ɗaga shi, wahala ta sami gidan duka.

Babban abin tsoro shi ne faɗuwa. Ƙashin tsoho ba shi da ƙwari, kuma idan ya karye yana daɗewa bai ɗoru ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa faɗuwa tana kashe mutum wajen 684,000 kowace shekara, kuma waɗanda suka haura shekara 60 ta fi kashewa. A shekarar 2022 hukumar ta ce mutum 1 cikin 3 a duniya yana bukatar wani abin taimako, kamar sanda ko tabarau ko na'urar ƙara ji. Mafi amfani gare mu shi ne abin da tsoho zai iya sarrafawa da kansa, wanda kuma ake iya gyarawa a garinmu. Ga guda 6.

1. Sanda

Sanda ƙafa ce ta uku, amma sai an auna ta. Tsoho ya miƙe tsaye da takalminsa, ya saki hannu. Kan sandar ya tsaya daidai wuyan hannunsa. Idan ta yi gajarta za ta sa shi doro, idan ta yi tsawo kafaɗa za ta gaji. A sa mata roba a gindi, ko ta tsohuwar taya ce, don kada ta zame a kan siminti. Mai ciwon ƙafar hagu ya riƙe sanda da hannun dama, mai ciwon ƙafar dama ya riƙe da hagu. Wajen tsallake dokin ƙofa ko hawa tudu, ƙafa mai lafiya ce ke fara hawa.

2. Tabarau

Daga wajen shekara 40, ido yakan fara kasa ganin abin da ke kusa. Mutum ya kasa zura zare a allura, ko tsintar tsakuwa a wake, ko karanta wannan jarida. Tabarau na karatu yana gyara wannan. Lamba-lamba ne, kowa da tasa, saboda haka na maƙwabci ba lalle ya yi mana ba. A je asibitin Matamaye a nemi shawara.

Idan kuwa mutum yana ganin kome dishi-dishi kamar cikin hazo, mai yiwuwa yana ce ta rufe idon. Tabarau ba ya maganin yana. Aiki ake yi, ɗan taƙaitacce, kuma da yawa sukan koma gani. Akwai sashen ido a babban asibitin Damagaram. Kada mu yarda wani ya soka wa tsohonmu allura a ido a kasuwa ko a zaure. Da yawa sun makance ta wannan hanya.

3. Fitila mai aiki da hasken rana

Tsofaffi sukan tashi fitsari cikin dare, su kuma fita alwala da asuba. Cikin duhun nan ake tuntuɓe da turmi ko turke, ko a taka kunama. Fitilar rana ba ta cin kananzir, ba ta hayaƙi, ba ta tada gobara. A shanya ta a rana tun da hantsi. A riƙa goge fuskarta da tsumma, musamman da hunturu, domin ƙura tana hana ta cika. Da dare a ajiye ta wuri ɗaya kullum, inda hannun tsoho zai kai yana kwance.

4. Kujerar masai da abin dafawa

Tsuguno yana wahalar da mai ciwon gwiwa, tashi kuma ya fi wuya. Kafinta ko mai walda zai iya yin kujera mai rami a tsaka, a ɗora ta bisa masai. A kafa itace mai ƙarfi a gefe don dafawa. A wurin wanka ma a sa kujera mai ɗan tsawo, a kuma gyara magudana don kada ruwa ya kwanta ya kawo santsi.

5. Wayar salula

A zaɓa wa tsoho mai maɓallai da manyan lambobi da ƙara mai ƙarfi. Yawancinsu ana iya shirya su yadda idan ya danne lamba 2 sai ta kira ɗansa, lamba 3 ta kira maƙwabci. A yi mata igiya ya rataya a wuya, domin idan ya faɗi tana tare da shi. Mu gargaɗe shi kada ya faɗa wa kowa lambar sirri ta kuɗinsa, ko da mai kiran ya ce daga kamfani yake.

6. Akwatin magani

Mai hawan jini ko ciwon suga yakan manta ko ya sha magani ko bai sha ba. A sami ƙananan gwangwanaye 7 masu murfi, a rubuta musu Lahadi zuwa Asabar. A nan karatun da muka koya zai yi rana. Idan tsohon bai iya karatu ba, a zana rana a kan na safe, a zana wata a kan na dare. A ajiye nesa da yara.

A gona da garka

Manomi ko ya tsufa ba ya son zaman banza. Hauya mai doguwar ƙota, wadda ake noma da ita a tsaye, tana hutar da baya. Masu garka kuma za su iya haɗa kuɗi cikin ƙungiya su sayi famfo mai aiki da hasken rana. Ta haka dattijo zai ba albasa da tumatir ruwa ba tare da jan guga ba.

Kafin mu sayo kowane abu, mu yi shawara da mai shi. Ya gwada, ya faɗi ra'ayinsa, mu koya masa cikin haƙuri. Abin da aka tilasta wa tsoho, ƙarƙashin gado yake ƙarewa. Mai shirin tafiya cin rani kuma ya duba waɗannan abubuwa 6 kafin ya ɗaure kaya. Da tsohuwar zuma ake magani, kuma in Allah ya ja da ranmu, mu ma za mu riƙe sandar nan.

Tambayoyi

1. Ina ya kamata kan sanda ya tsaya a jikin mai ita?
2. Mai ciwon ƙafar hagu, da wane hannu zai riƙe sanda?
3. Me ya sa ake goge fuskar fitilar rana?
4. Wane wuri ne a gidanku zai iya kada tsoho? Ku rubuta sunansa, ku gyara shi cikin wannan mako.