Darasi: Jaririn da idonsa ya kumbura kusa da suna

Ke mai jego, ki riƙa duba idon jaririnki kowace safiya. Ƴar kwantsa kaɗan ba abin tsoro ba ce. Amma idan fatar idon ta kumbura, cikinta ya yi ja, ruwa yana fita, daga baya ya koma mugunya, to a kawo shi gidan likita a ranar. Kada a ce sai an gama hidimar suna.

Sau da yawa abin da ke kawo wannan wata ƙwayar cuta ce da ake kira kalamidiya. Tana zama a bakin mahaifar mace da hanyar fitsarin namiji, kuma ta wurin kwanciya ake ɗaukarta. Yawancin matan da ke da ita ba su jin komai, maza da yawa ma haka. Lokacin haihuwa sai ta shiga idon jariri. Ba ta nuna kanta nan take, sai tsakanin kwana 5 da kwana 14. Ga shi lokacin ya dace da suna, shi ya sa ake ɗora laifin a kan hayaƙin wutar jego, ko bakin mutanen da suka zo barka.

Ƙwayar ciwon sanyi ma tana kama idon jariri. Ita tana fitowa da wuri, kwana 2 zuwa 5, da mugunya mai yawa, kuma tana iya fasa idon cikin ƴan kwanaki. A gida ba za ku iya bambanta su ba.

Kada a sa wa idon kwalli, ko nono, ko ruwan saiwa. Ki wanke hannunki da sabulu, ki goge idon da tsumma mai tsabta da ruwan da aka tafasa ya huce, daga wajen hanci zuwa wajen kunne. Kowane ido da nasa tsumman.

Man ido kaɗai bai isa ba, domin ƙwayar tana cikin hanci da maƙogwaron yaron. Idan aka bar ta, tana iya sauka cikin huhu, ya kama tari da saurin numfashi yana da wata 1 zuwa 3. Saboda haka likita zai ba da maganin sha. Wani na kwana 14 ne, wani na kwana 3. Ki ba shi har ya ƙare, ko da idon ya washe. Idan ya fara amai mai ƙarfi bayan shan nono, ki komo da shi.

Kai maigida, kai ma da naka. Dole ka sha magani, matarka ta sha, abokan zamanta ma haka, duk a lokaci ɗaya. In ba haka ba cutar za ta dawo, ta jira haihuwa ta gaba. A mace tana iya toshe hanyar ƙwai har haihuwar ta tsaya. Ba zancen neman mai laifi ba ne, tana iya daɗewa a jiki ba a sani ba. Ku dakata da kwanciya har kwana 7, idan kuma maganin na kwanaki ne, sai kowa ya gama nasa.