Sabon Mai Kafa Na'urorin Tsaro

Tun zamanin kakanninmu mutane su ke neman dabarar tsare dukiyarsu. A da manyan garuruwan ƙasar Hausa suna da ganuwa, ko wace ƙofa kuwa da mai tsaronta. In dare ya yi sai a rufe, ba shiga ba fita sai gari ya waye. Mai gida kuma ya sa wa ƙyaurensa sakata, ya bar kare a bakin garke. Daga baya kwado da kuba suka yawaita. Yanzu ga wata dabara ta shigo, watau na'urorin tsaro masu aiki da lantarki. In ɗayanku ya tashi daga Bungudu ya shiga Gusau, ya ɗaga kai a bakin banki ko gidan mai, zai ga wani ɗan abu maƙale a bango, mai ido guda kamar na mujiya. Kyamara ke nan. Ba ita ta hau bangon da kanta ba, akwai wanda sana'arsa ke nan.

Dabarar ta daɗe a ƙasashen waje. A shekarar 1853 wani mutumin Amurka, Augustus Pope, ya sami takardar shaidar ƙirƙiro ƙararrawar lantarki wadda ke kaɗawa in an buɗe ƙofa ko taga. A 1966 kuma wata ma'aikaciyar jinya a birnin New York, Marie Van Brittan Brown, ita da mijinta, suka tsara yadda mutum zai ga wanda ke bakin ƙofarsa a cikin talabijin, yana zaune a ɗaki. Tsoron ɓarayin unguwarsu ne ya sa ta wannan tunani.

To, bari mu duba saurayin da ya gama koyon wannan aiki, maigidansa ya yaye shi, ya komo garinsu Bungudu da 'yar jakar kayan aiki. A cikin jakar akwai sukudireba, da filaya, da injin huda bango, da mita mai gwada ƙarfin wuta. Tsani kuwa sai ya yi aro tukuna. Ya san aiki, amma ba wanda ya san shi. Wannan ita ce wahalar farko, ba kuwa ƙarama ba ce, domin mutum ba ya buɗe wa baƙon hannu gidansa ya nuna masa inda ya ke ajiya. Saboda haka mai hankali ba ya saurin rabuwa da maigidansa. Ya riƙa binsa wurin manyan ayyuka, har mutane su saba da fuskarsa, kana ya soma karɓar ƙanana shi kaɗai: kantin magani, ko shagon mai sayar da hatsi.

Ran da aka fara kiransa, kada ya soma da huda bango. Sai ya zaga wurin tukuna, ya tsaya inda ɓarawo zai tsaya, ya tambayi kansa, "In ni ne, ta ina zan shiga?" Sa'an nan ya zana gidan a takarda, ya sa alama inda ko wace na'ura za ta zauna, ya auna tsawon waya, ya rubuta wa mai gida kuɗin kaya dabam, ladan aiki dabam. Abin da aka rubuta ba ya zama gardama ran biya.

Mafi sauƙin na'urorin ita ce ta ƙofa. Gutsure biyu ne. Ɗaya maganaɗisu ne, a manna shi jikin ƙyaure, ɗayan kuma ɗan makunni ne, a kafa shi jikin dogarin ƙofa. Muddin ƙofa tana rufe, maganaɗisun yana riƙe da makunnin, wuta tana zagawa. Da an tura ƙofa sai su rabu, wuta ta yanke, jiniya ta ɗau kuka. Akwai kuma wata mai jin ɗumin jiki in ya gitta ta gabanta. Ita wannan ba ta san mutum ba, ba ta san akuya ba. In sabon ma'aikaci ya kafa ta tana duban turken awaki, ko inda kyanwa ke bi, jiniya za ta yi ta tashin unguwa a banza. Dare na fari maƙwabta su fito da sanduna. Dare na uku ba wanda zai ko juya a kan gadonsa, mai gida ma ya gaji ya kashe ta. Ran da ɓarawon gaske ya zo, sai ya tarar an share masa hanya.

Kyamara ta fi wuyar sha'ani. In an kafa ta ƙasa ƙwarai, hannu zai kai gare ta. In an kai ta can ƙololuwa, ba za ta ɗauki kome ba sai hula da rawani, alhali kuwa fuska a ke so. Kamar mita uku daga ƙasa ya isa. Kada kuma ta fuskanci gabas ko yamma sosai, don hasken rana zai dushe mata ido, duk wanda ya wuce ya fito baƙi ƙirin kamar inuwa. Da hunturu ƙura tana rufe gilashinta, sai an hau an goge. Da dare tana fid da wani haske wanda idonmu ba ya gani, ƙwari suna taruwa a wurin, gizo-gizo ya bi su ya saƙa yanarsa a bakin gilashin. Da damina kuwa ga ruwa ga tsawa. Don haka a kan lanƙwasa waya ta yi ƙasa kaɗan kafin ta shiga bango, domin ruwa ya ɗige a waje, a kuma kafa sandan jan ƙarfe cikin ƙasa a haɗa shi da na'urorin. Sauran wayar a zura ta cikin bututun roba saboda ɓeraye.

Babban abin da ke gwada gwanintar ma'aikaci a ƙasarmu shi ne wuta. Kowa ya san ba kullum ta ke samuwa ba, ɓarawo kuwa duhu ya ke so. Kyamarar da ke mutuwa in an ɗauke wuta ado ce kawai. Dole a haɗa ta da batir, da faifan nan mai zuƙar hasken rana. A nan ne lissafin da ku ke koyo a aji ya ke da rana. Ga misali. A ce kyamara huɗu ce, ko wacce tana cin wat 5, watau wat 20 ke nan. Akwatin da ke ajiye hotuna shi ma yana cin wat 20. Jimla wat 40. In batir yana iya ba da wat 600 na awa guda ba tare da ya wahala ba, sai a raba 600 gida 40, a sami awa 15. Ya isa tun daga magariba har hantsi. Wanda bai iya wannan lissafi ba, ko dai ya sa mai gida sayen batir da ya fi bukatarsa, ko kuwa na'ura ta mutu da tsakar dare.

Waɗansu kyamarori suna aika hoto zuwa wayar hannun mai gida ta intanet, ko yana Kano ya ga shagonsa. Abin sha'awa ne, amma kada a dogara gare shi kaɗai. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan wayar hannu a Jihar Zamfara har tsawon makonni saboda yaƙi da 'yan bindiga. A irin wannan hali hoto ba ya zuwa waya, sai abin da akwatin cikin gida ya ajiye. Akwatin nan kuwa a ɓoye shi, kada a ɗora shi kan tebur, don ɓarawo mai wayo da shi ya ke fara tafiya.

Saura maganar amana, wadda ta fi duk waɗannan nauyi. Mai wannan sana'a yana shiga inda baƙo ba ya shiga. In zai wuce zaure sai ya yi sallama, ya jira a yi masa iso, a kuma haɗa shi da wani ɗan gida. Kyamara wurinta ƙofar gida da zaure da bayan katanga. Ba a juya ta tsakar gida inda mata ke harkarsu, balle ta leƙa gidan maƙwabci. In ya gama aiki, sai ya sa mai gida ya sake kalmar sirrin da na'urar ta zo da ita daga kamfani, ya zaɓi tasa, shi kuma ya kau da kai. Abin da ya gani a gidan wani ba ya zama hira a bakin kasuwa.

Wajibi ne kuma ya faɗa wa mai gida gaskiyar abin da ya saya. Kyamara ba ta da hannu, ba ta kama kowa. Jiniya tana ta da mai barci, tana firgita ɗan sane da mai haura katanga, amma ba ta tare mutanen da suka zo da bindigogi, irin waɗanda suka addabi ƙauyukan Bungudu da Tsafe a shekarun nan. Wannan aikin hukuma ne da jami'an tsaro. Mai kafa na'ura da ya ce wa manomi ya sayar da buhunan gerensa ya sayi kyamara, wai za ta kare shi daga mahara, ya cuce shi. Sau da yawa shawarar da ta fi ita ce a gyara ƙyaure, a sa kwado mai ƙarfi da fitila a ƙofar gida, ko da ya ke ladan wannan aiki kaɗan ne.

Tambayoyi

1. Me ya sa ba a kafa na'urar jin ɗumin jiki tana duban turken awaki?
2. In kyamarori takwas ne, ko wacce tana cin wat 5, akwatin hotuna kuma wat 20, awa nawa batirin da aka ambata zai yi?
3. A waɗanne wurare na gida ya kamata a kafa kyamara, a ina ne kuma bai kamata ba?