Kaskar Da Ke Zaune A Hancin Tsuntsu

Idan kaka ta yi, ruwan kogin Kafin Hausa ya fara janyewa, fadamun ƙasar Haɗeja su kan cika da tsuntsaye. Ga dinya, ga kirinjijiya, ga jan baki mai ɓarnar gero, ga kuma baƙi masu tahowa tun daga ƙasashen Turai su yi rani a Baturiya da Nguru. Da yawa cikinsu suna ɗauke da wani ƙwaro a cikin hanci, wanda ko maharbin da ya fige su bai taɓa ganinsa ba.

Wannan ƙwaro dangin kaska ne, ƙafafunsa takwas, amma bai kai rabin ƙwayar gero ba. Ya kan maƙale a cikin hancin tsuntsu inda ke da laima, yana shan jini, yana hayayyafa, ba ya fita waje neman abinci kamar yadda ƙuma ke yi. Masana sun ƙidaya irinsa fiye da 500. Wani likita mutumin Beljiyam, Alex Fain, ya yi aiki ƙwarai a kan na Afirka, har ya buga littafi a 1957 a kan waɗanda ya samu a hancin tsuntsayen Ruwanda da Kwango. Sai tsuntsu ya mutu a ke tsaga hancinsa ko a wanke da ruwa, sa'an nan a duba da madubin likita.

To, ta ina ya ke bi ya shiga wani? Galibi baki da baki ne. Uwa tana ɗura wa 'ya'yanta abinci, ƙwaron ya rarrafa ya ƙetara. Haka kuma tsakanin namiji da mace, kamar yadda tantabaru ke haɗa baki. Shi ya sa kowane iri ya fi zama a cikin danginsa: na tantabara da kurciya daban, na agwagin ruwa daban. Ba ya kama ɗan Adam. Tsuntsun daji kuma ya kan yi shekaru da shi yana harkarsa.

Akwai ɗaya dai mugu a cikinsu. Shi ba ya tsayawa a hanci, sai ya gangara maƙogwaro har huhu. A Afirka ta Kudu aka fara bayyana shi a 1948, a jikin kanari, daga baya aka same shi yana wahalad da wani ɗan tsuntsu mai ado na dajin Ostareliya. Masu kama kanari su sa a keji, su ne abin ya fi shafa. Kanarin da ya kamu ya kan daina kuka, ya riƙa buɗe baki yana atishawa, da dare kuma in an kasa kunne a ji wani ɗan ƙas-ƙas a numfashinsa. Mai sayen kanari don muryarsa ya yi hasara ke nan. Dabara ita ce a ware sabon kamu wajen wata guda, da kejinsa da ruwansa daban. Maganin ivamektin yana kashe ƙwaron, amma malamin dabbobi ne zai auna, don ɗigo ɗaya da ya wuce kima ya isa ya kashe ɗan tsuntsu.

Inda a ke jin tsoron kuskure shi ne wajen kaji. Manomi ya ji labarin wannan ƙwaro, ya ga kajinsa suna majina suna mutuwa biyar goma a kwana biyu, ya ce ai kaskar hanci ce. Ba ita ba ce. Ita ba ta share akurki. Abin da ke yin haka fakat ne, ko kuwa murar tsuntsaye, wadda aka fara tabbatarwa a Nijeriya cikin watan Fabrairu na 2006 a wata gona kusa da Jaji, kuma tana iya kama mutum. Fakat tana da rigakafi, ana yin sa a Vom. In aka ga irin wannan mutuwa, ko aka tarar da tsuntsayen daji matattu da yawa a bakin fadama, kada a yanka na raye a kai kasuwa, kada yara su ɗauki mushen. A hana kaji da zabi zuwa wurin, a kuma sanad da ofishin dabbobi na ƙaramar hukuma a ranar.